Juwen kulas ya ƙone: abin da ke faruwa a cikin inji, da dalilin da yasa wasu ke biyan kuɗin gyara sau biyu

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke dukan Garwa da Marwa har zafi ya haura digiri 40, duk garejin da ka leƙa sai ka tarar da mota biyu ko uku an buɗe musu kai, kulas na ajiye kan kwali a gefe, mai motar na zaune a benci ya zabga tagumi. In ka tambaya me ya faru amsar ɗaya ce, juwen kulas ya ƙone, wato abin da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka a Najeriya ke kira tof gasket. Abin da ke ci min rai a lamarin shine da yawa cikin motocin nan za su sake dawowa da wannan ciwon kafin damina ta fita, saboda an canza juwen an bar abin da ya ƙona shi yana nan daram, kuma mai motar nan wataƙila da ita yake ciyar da gida.

Toh bari mu fara da shi kansa juwen ɗin. Inji gida biyu ne aka haɗa, ƙasa akwai bulok inda fistan ke hawa da sauka, sama akwai kulas inda bawul da fulogi suke. Tsakaninsu aka shimfiɗa wani siririn faifai, kaurinsa bai fi milimita 1 da ɗan wani abu ba, kuma shi kaɗai yake raba abubuwa uku da bai kamata su haɗu ba: wutar da ke tashi a cikin silinda, ruwan da ke zagayawa yana sanyaya inji, da baƙin mai da ke hawa sama ya jiƙa kan bawul. In ka ɗauki juwen a hannu ka duba zaka ga manyan ramuka huɗu na silinda an zagaye bakinsu da zoben ƙarfe, sai ƙananan ramuka birjik, wasu na ruwa wasu na mai wasu na kusoshi, kuma tsakanin wuta da ruwa wani wurin tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba. Abin da ke riƙe shi kawai matsi ne, kusoshi 10 a yawancin inji mai silinda huɗu, sun danne kulas a kan bulok. Muddin fuskokin nan biyu suna shafe lif kuma matsin ya yi daidai ko'ina, juwen zai iya kai shekara da shekaru ba ruwansa.

Me ke kashe shi? Zafi, kusan kullum zafi. Motocin da muke hawa irin su Corolla da Carina E da Starlet na shekarun 1990, bulok ɗinsu baƙin ƙarfe ne amma kulas alminiyam, shi kuwa alminiyam in ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. A zafin da inji ya saba aiki, wajen digiri 85 zuwa 95, masu ƙera motar sun yi lissafin wannan, ba matsala. Amma ranar da ruwa ya ƙare ko fanka ta tsaya allurar agogon zafi ta hau ja, kulas zai kumbura ya murƙushe juwen fiye da ƙima, in ya huce kuma ba ya komawa yadda yake, sai ya ɗan lanƙwashe, lanƙwasar da ido ba ya gani. Daga nan wuta ta samu ƙofa, tana lasar wurin kaɗan kaɗan har ta huda. Shi yasa sau da yawa motar ba a ranar da ta yi zafi take nuna ciwon ba, sai bayan sati biyu ko wata, mai ita har ya manta ta taɓa tafasa a hawan dutsen nan na kafin Ngaundere, inda mota ke tasowa daga kwarin Binuwai ta hau tudun da ya haura mita 1000, a giya ta biyu, da lodi har saman rufi.

Alamominsa kuma sun danganta da inda ya huje, kuma nan ne ake yawan ruɗewa. In ya huje tsakanin silinda da hanyar ruwa, iskar wuta ce ke kutsawa cikin ruwa, zaka ga mota na cin ruwa kullum ba ka ga inda yake zuba ba, tiyon sama ya yi tauri tun injin bai yi zafi ba, in ka buɗe murfin lagireto da safe inji na sanyi ka tada mota zaka ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ta yankewa, in ka taka totur ma ruwan ya yi tsalle waje. In an kashe mota kuma sai abin ya juya, ruwa ne ke tsiyaya cikin silinda cikin dare, da safe ta tashi tana rawa da silinda uku, salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri. In ka kwance fulogi huɗu ka jera zaka ga uku da ɗan baƙi ko ja-ja yadda aka saba, ɗaya kuma fes an wanke shi, toh wannan silindar ce ke shan ruwa. In ya huje tsakanin ruwa da mai, baƙin mai zai sake launi ya koma fari-fari mai kauri, zaka gan shi a sandar awo da ƙarƙashin murfin zuba mai. In kuwa tsakanin silinda biyu maƙwabta ya ƙone, ba ruwa ba hayaƙi, mota dai ta rasa ƙarfi tana karkarwa, wani har ya je ya canza fulogi da wayoyi a banza.

Amma dan Allah kar a ga alama ɗaya a ce a buɗe inji. Farin tururi da safe lokacin hunturu, ko a sanyin Ngaundere, in ya ɗauke bayan 'yan mintoci ba komai bane. Mai a cikin lagireto ma ba lallai juwen ba, motocin gazuwal da yawa suna da na'urar sanyaya baƙin mai da ruwa ke ratsawa, in ta huje sai mai ya shiga ruwa, haka mota mai giya otomatik man giyarta ta cikin lagireto yake bi ya huce. Makanikin kirki awo yake yi kafin ya taɓa sifana. Zai sa agogon kwamfireshan a ramin fulogi ya auna silinda ɗaya bayan ɗaya, in biyu da ke jere suka faɗi tare magana ta fito. Zai iya matsa iska cikin lagireto da famfon gwaji ya ga ko allura na sauka. Akwai kuma wani ruwa shuɗi da ake sawa a bututu a bakin lagireto, in hayaƙin wuta na cikin ruwan sai ya koma rawaya a motar fetur. Ba kowane gareji ke da shi ba, amma agogon kwamfireshan kam duk wanda ya ce shi mai gyaran inji ne ya kamata a same shi da shi.

In an tabbatar, a ajiye motar. Na san halin da ake ciki, direba zai ce bari in ƙarasa Kuseri in dawo tukun, ga jarka biyu na ruwa a but ina ƙarawa a hanya. Abu biyu ke jiransa. Ruwa ba ya matsuwa, in ya taru a silinda aka buga sitata fistan ya hau ya tarar da shi, sandar fistan ce ke lanƙwashewa. Baƙin mai da ya gauraya da ruwa kuma ba ya riƙe ƙarfe, metal, wato faifan ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansu, sai su cinye, inji ya fara ƙwanƙwasa. Gyaran kai kaɗai ya koma sauke inji gaba ɗaya. Su kuma ƙwai da garin barkono da ake zubawa a lagireto, ko magungunan kwalba da ake cewa suna liƙe juwen, in ma sun toshe wani ɗan ƙaramin yoyo na lagireto ba za su tare wutar silinda ba, sai dai su ƙara toshe siraran hanyoyin ruwan da dama a cushe suke.

Yanzu aikin kansa. Sai inji ya huce sarai, kwance kulas da zafi shi kansa yana lanƙwasa shi. A cire batir, a zubar da ruwa da mai, a juya inji a kawo alamomin taimin daidai kafin a cire bel, a yi musu shaida da fenti. Kusoshin kulas ba a kwance su yadda aka ga dama, daga na bakin gefe ake farawa ana shigowa tsakiya, kaɗan kaɗan zagaye biyu ko uku, ba a zare ɗaya gaba ɗaya sauran na ɗaure ba. In kulas ya ƙi tashi kar yaron gareji ya cusa sukundireba tsakanin fuskokin ya ɓanɓare, tabo ɗaya a alminiyam ya isa ya zama sabuwar ƙofar yoyo. Masu tsohuwar Peugeot 504 kuma ku kula da kyau, silindar injin fetur ɗinta hannun riga ne da ake zurawa cikin bulok, ruwa na zagaye da su, ƙasansu akwai abin liƙi. In aka ɗaga kulas tsaye ya taso da su, ko aka juya inji bayan an cire kai ba a danne su da ƙarfe ba, liƙin ƙasa ya tashi kenan, ka haɗa komai tsaf ka tarar ruwa na gangarawa cikin baƙin mai ka rasa daga ina. Tsofaffin makanikai sun san wannan, gefe suke girgiza kulas ɗin ya saki kafin su ɗaga, yaran yanzu da suka taso kan Toyota ba duka suka sani ba.

Tsohon juwen kar a jefar da shi nan take, a duba shi a rana. Inda ya ƙone zai nuna baƙin layi ya ratsa zoben ƙarfe, in kuwa ka juya shi gaba da baya ka ga lafiyarsa ƙalau, toh ka san ciwon ba nan yake ba, kulas ne ya tsage ko bulok, kuma in ka sa sabon juwen ka rufe ka yi aikin banza.

Daga nan sai wurin da nake ganin duk aikin ya rataya, kuma shi aka fi tsallakewa: awon fuskar kulas. Bayan an kankare ta fes ba tare da an ƙwarzane ta ba, ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a kanta, a tsaye da a kwance da kusurwa zuwa kusurwa, ana gwada zura siririn ma'aunin nan mai ganye-ganye ta ƙarƙashi. A injin 4A-FE na Corolla iyakar da Toyota ta yarda da ita milimita 0.05 ce, abin da bai kai kaurin takardar littafi ba. Toh kaga mai shafawa da tafin hannu ya ce Alhaji wannan lafiya lau yake, wallahi bai san abin da yake faɗa ba, hannu ba ya jin wannan. In ya wuce iyaka sai a kai wurin masu injin gyaran fuska su ɗebe kaɗan, kuma su ɗebe iya abin da ya wajaba, domin duk abin da aka cire yana ƙara matsin silinda kuma kulas yana da kaurin da ba a sauka ƙasa da shi. Wanda aka riga aka yi wa fuska sau biyu uku gara a nemi wani. A tambaye su kuma ko suna gwajin tsagewa, inda ake toshe hanyoyin ruwa a matsa iska a tsoma kulas a ruwan zafi a ga ko kumfa zata fito. Masu Hilux da Hiace da Prado na gazuwal kar ku yarda a tsallake wannan, injin 2L-T da 1KZ-TE sun yi suna wajen tsagewar kulas in suka sha zafi, sau da yawa tsakanin bawul da bawul. A duba fuskar bulok ita ma, a kuma gwada kamshaf, sandar nan da ke buɗe bawul, a mazauninsa a ga yana juyawa da hannu ba ya cijewa.

Wajen sayen juwen kar a yi ƙwauro. Kasuwa cike take da kala-kala, daga wanda ya shigo ta Duwala zuwa wanda aka ɗauko daga Mubi ko Yola, kwali iri ɗaya amma abin ciki ba ɗaya ba. Ka je da lambar inji, ka ɗora sabon kan tsohon ka ga kowane rami ya hau kan ɗan'uwansa, ka duba zoben ƙarfen ya zauna sosai ba ya motsi. Bambancin kuɗin mai kyau da na banza bai kai kuɗin aikin sake buɗewa ba. A injin gazuwal akwai ƙarin magana, matsinsa ya kai wajen 22 bisa 1 a tsofaffin injina irin 1HZ na Land Cruiser, inda na fetur yake wajen 9 ko 10, kuma fistan yana ɗan leƙowa saman bulok, shi yasa juwen ɗinsu kauri-kauri ne, ana gane su da tsaga ko alamar da ke bakinsu, kuma awon leƙowar fistan ne ke nuna wanda za a sa. In aka sa siriri fistan na iya taɓa sama, in aka sa mai kauri da yawa mota ta riƙa wuyar tashi da safe.

Haɗawa. Ramukan kusoshi a busar da su tas, in ruwa ko mai ya kwanta a ƙasan rami kusa zata ji kamar ta ɗauru alhali ba ta danne komai ba, wani lokacin har bulok ya tsage. Juwen a busasshe ake sa shi sai in kamfanin ya ce akasin haka, ba gam ba silikon ba giris, kuma a duba rubutun da ke nuna sama da gaba, in aka kifa shi ramin da mai ke hawa ya toshe, kamshaf zai ci kansa cikin ɗan lokaci. Juwen biyu a haɗe don a rufe lanƙwasa, wannan kam zalunci ne ga mai mota. Ɗauri kuma daga tsakiya ake farawa ana fita waje, a matakai, da makulli mai awo. A yawancin 4A-FE na shekarun 1990 ana ɗaurewa zuwa 29 Nm a ma'aunin makullin, sai a ɗiga fenti a kan kowace kusa a juya ta digiri 90, a zagayo a sake wani 90. Irin waɗannan kusoshin miƙewa suke yi in an ɗaure su, don haka sai an auna su kafin a maida, wadda ta sirance a canza. Kowane inji da nasa adadi, yanzu kuwa da waya a hannu ba wuya a nemo littafinsa. In ka ga an zura bututun ƙarfe a sifana yaro ya rataya a kai yana nishi, ka ce maigida dan Allah a dakata, motarka ce kuma kana da ikon magana. Wasu tsofaffin injina ana sake bin ɗaurin bayan an ɗan yi tafiya, masu ɗaurin digiri kuma ba a sake taɓa su.

Tunda an riga an buɗe, bel ɗin taimin da robobin bawul a canza su lokaci guda in da hali, aikin ɗaya ne.

Saura babbar tambaya wadda da ita ya kamata a fara: me ya sa motar ta yi zafi tun farko? A bi su ɗaya ɗaya. Murfin lagireto, ɗan abin nan da ba a ɗauka a bakin komai, shi ke riƙe matsi wajen bar 1, kuma da wannan matsin ruwa ba ya tafasa a digiri 100 sai wajen 120, in robarsa ta mutu ko an ɗaure bakin da leda mota zata tafasa tana lafiya. Fanka, tana tashi da kanta in zafi ya kai? Famfon ruwa, fukafukansa na nan ko tsatsa ta cinye? Lagireto ta waje, ƙurar hunturu da ɓurɓushin auduga da ƙwari sun toshe ta? Ta ciki kuma ruwan da muke zubawa ne ke kashe ta, ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse, irin wanda kake gani ya kama gindin butar shayi, haka yake kama siraran bututun lagireto da hanyoyin cikin kulas, ga tsatsa kuma tana cin bakin ramukan ruwa har ta iso gefen juwen. Mutane na cewa ruwan kala, wato ruwan lagireto na musamman da ake sayarwa, na ƙasashen ƙanƙara ne mu ina ruwanmu, alhali maganin tsatsa ne a cikinsa kuma yana ɗaga zafin tafasa, mu ma muna buƙatarsa. A kula dai guba ne kuma yana da zaƙi, kar a bar shi a buɗe inda yara ko awaki za su kai baki.

Sai maganar tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, maganar da na san wasu abokan sana'a ba za su ji daɗinta ba. An saba da zarar mota ta sauka daga Turai a cire shi a jefar wai na ƙasar sanyi ne. A motocin Toyota da yawa yana buɗewa ne a digiri 82, kuma a injina da dama aiki biyu yake yi, yana buɗe hanyar lagireto yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji kawai. In babu shi wani kason ruwan zai riƙa bin gajeriyar hanyar ba ya zuwa ya huce, sai ka ga mota a gari allura na ƙasa tana shan mai, a doguwar hanya da lodi kuma ta hau. In ya lalace a sa sabo, a gwada shi a ruwan zafi a ga ya buɗe kafin a ɗaura. Fetur ɗin kwalba na bakin titi ma in an gauraya shi yana sa inji ƙara irin ta ƙarfe in an taka, wannan bugun yana cin zoben juwen, haka taimin da aka matsar gaba da yawa.

Bayan an haɗa, sabon baƙin mai da sabuwar matata, in ruwa ya shiga mai a da toh a sake juye na biyu bayan 'yar tafiya kaɗan. A wanke hanyoyin ruwa, a cika a hankali, a bar inji na aiki murfi a buɗe har tamostat ya buɗe iska ta fita, domin iskar da ta maƙale a kulas tana iya ƙona sabon juwen a ranar farko. Kwanakin farko kullum da safe kafin a tada mota a duba ruwa da sandar mai. A hanya kuma in allura ta hau a tsaya a kashe, kar a buɗe murfi da zafi, kar a kwara ruwan sanyi cikin inji mai tafasa. In kuma ta hau can sai ka ga ta faɗo da kanta ba dalili, kar ka ce Alhamdulillahi ta huce ka ƙara wuta, sau da yawa ruwan ne ya ƙare har abin awon ba ya taɓa komai sai tururi.

Wani zai ce to in kulas ya tsage, ko metal sun riga sun tafi, a gyara ko a sayi inji na hannu? Ni a ganina in ƙasan injin lafiya yake, ba ya cin mai ba ya ƙwanƙwasa, a nemi kulas na hannu a auna shi a gwada shi kamar yadda aka faɗa a sama, domin shi ma ba ka san zafin da ya sha a inda ya fito ba. In kuwa ƙasa ma ta taɓu, a zauna da makaniki a yi lissafin fistan da zobba da metal da aikin karanshaf gaba ɗaya a kwatanta da kuɗin inji sukutum, kuma ko wanne aka zaɓa lagireto da murfinta da fanka da tamostat suna cikin lissafin, tunda sabon injin ma da su zai yi aiki.